Sammako da natsuwa a zafin Garwa ta Kamaru: abin da aka tattauna

Da aka zauna kan maganar sammako, bakin kowa ya zo ɗaya: tashin asuba tun daren jiya ake shirya shi. Baligi na bukatar barcin awa 7 zuwa 9, don haka mai son tashi ƙarfe 4:30 sai ya kwanta kafin 9:30. Wanda ya saba kaiwa sha biyu kuwa, kada ya sauya dare ɗaya. Ya riƙa rage minti 15 duk bayan kwana uku, in ba haka ba kafin mako ya zagayo ya watsar.

Inda aka fi daɗewa shi ne shayi da goro. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu yakan yi kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, shi ya sa mai zaman shayin dare yake juyi a tabarma idonsa biyu. Kofin ƙarshe kada ya wuce la'asar, ko da yake 'yan majalisar shayi ba su so jin wannan ba.

Bayan sallar asuba, a zauna minti 10, baya a miƙe, waya a nesa. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida. In tunanin kasuwa ya kutso, a komo kan ƙirga ko tasbihi, ba laifi ba ne.

A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, sai a yi tattaki kafin hantsi, a sha ruwa kofi biyu tukuna. Ƙailula kuma minti 20 zuwa 30. In ta zarce haka, barcin dare take ci.