Koyon Larabci da gaske ba tare da fita waje ba: ta ina zan kama?

Ma'aikaci38 ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 38, ina aikin ofis daga ƙarfe 8 zuwa 4, ga iyali. Na sauke Alƙur'ani tun ina yaro, duk abin da aka sa wa wasali ina iya karantawa, amma in liman ya hau mumbari sai na jira fassara. Zancen tafiya Madina ko Masar bai ma taso ba. Abin da zan iya warewa shi ne awa biyu da rabi kullum, da safiyar Asabar. Burina in buɗe littafin fiƙihu ko tafsiri marar wasali in gane da kaina. Wasu sun ce in tafi zaure in fara littafin nahawu na Ajurrumiyya, wasu sun ce littattafan Madina. Wanne zan kama, kuma shekara nawa zan sa wa raina?

Ustaz_Lugga ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da lissafi. Awa biyu da rabi sau kwana shida awa 15 ke nan a mako. In ka cire makonni huɗu saboda salla biyu da rashin lafiya da tafiye-tafiye, kana da mako 48, wato awa 720 a shekara. Wannan ba ƙaramin jari ba ne. Abin da wanda ya fita waje ya fi ka da shi abu biyu ne: kunnensa yana shan Larabci yini guda, kuma akwai mai gyara masa kuskure kullum. Duka biyun ana iya haɗa su a Kano ko Zariya ko Damagaram, in an yi niyya.

Ni shawarata kada ka fara da Ajurrumiyya. Littafi ne mai albarka, amma an rubuta shi ne don tsara ƙa'ida ga wanda ya riga yana jin harshen. Wanda bai mallaki kalma 300 ba, in aka zaunar da shi ana ce masa alamomin rufu'a huɗu ne, zai haddace, zai kuma amsa in an tambaye shi, amma ba shi da jimlar da zai ɗora ƙa'idar a kanta. Shi ya sa za ka ga mutum ya shekara uku yana biya misalin nahawun nan na Zaidu yana dukan Amru, amma a ba shi wasiƙa mai layi biyar ya kasa.

Kama Durusul Lugatil Arabiyya na Dakta V. Abdur Rahim, shi ne ake kira littattafan Madina. Juzu'i uku ne: na farko darasi 23, na biyu 31, na uku 34. Tunda kana karatu da wasali, na farko darasi uku a mako ya ishe ka, wata biyu ka gama. Na biyu ka sauko zuwa darasi biyu a mako, kamar wata huɗu, domin a nan fi'ili yake shigowa sosai. Na uku kada ka yi masa gaggawa, ka ba shi wata shida, akwai darussan da sai sun ci mako guda cur. In Allah ya yarda shekara ɗaya ke nan.

Yadda za ka raba lokacin: bayan asuba minti 60 na sabon darasi, lokacin da kai yake sake. Bayan la'asar ko a hanyar dawowa daga aiki minti 30 na sauraro. Bayan isha'i minti 60 na aikin tamrini, wato atisayen da ke bin darasi, da bitar kalmomi. Tamrinin nan kuwa da biro za ka yi shi a littafin rubutu, duka, ba tsallake. Mafi yawan masu faɗuwa a littafin Madina a nan suke faɗuwa: suna karanta darasin, su ji sun gane, su duba tamrini da ido su ce ai mai sauƙi ne. Sai an shiga juzu'i na biyu a ga ashe babu komai a hannu. Kalmomi goma a rana sun isa, kuma kowane suna ka rubuta shi da jam'insa, kowane fi'ili da mali (na abin da ya wuce) da mudari'i (na yanzu ko mai zuwa) da masdari (sunan aikin). Wanda ya haddace kitab bai haddace kutub ba, rabin kalma ya riƙe. In kana son waya ta taya ka bita, akwai manhajar Anki, tana dawo maka da kalma daidai lokacin da za ka manta ta.

Safiyar Asabar ta malami ce. Ka kai masa littafin tamrininka ya bi da jan biro, ka karanta a gabansa da murya. Bidiyon YouTube yana bayani, amma ba ya jin kuskurenka. Daga tsakiyar juzu'i na biyu ka haɗa da Ƙasasun Nabiyyin na Abul Hasan Nadwi, shafi biyu a rana. An rubuta shi ne don yara, jimlolin gajeru ne, suna maimaita kansu, kuma labaran ka san su, saboda haka ba za ka riƙa tsayawa kowane layi ba.

Almajirin_Zaure ya rubuta:

Allah ya gafarta Ustaz, na yarda da jerin, amma kada a sa bawan Allah ya ɗauka zaure ba shi da abin ba shi. Ya ce burinsa littafi marar wasali. To wannan a zaure ake samunsa, domin a can ɗalibi ne yake jan baƙi, malam yana tare shi a duk wasalin da ya karkace. Littafin Madina zai ba ka harshe, amma ba zai tsaya a kanka ya ce maimaita ba.

Abin da nake gani shi ne, da ka gama juzu'i na biyu ka je ka ɗauki Ajurrumiyya, da sharhin Tuhfatus Saniyya na Muhammad Muhyiddin Abdulhamid saboda yana da tambayoyi da misalan li'irabi, wato fayyace matsayin kowace kalma a jimla, a ƙarshen kowane babi. A lokacin wata uku sun ishe ka, kuma za ka ji daɗinta, don duk abin da ta faɗa ka riga ka gamu da shi a jimla. Bayan ta Ƙaɗrun Nada na Ibn Hisham. Alfiyyar Ibn Malik, mai baiti dubu da ɗoriya, ka bar ta tukuna, ba ta cikin abin da kake bukata a shekara biyun farko.

Sai dai inda mutanenmu suka fi yin sakaci shi ne sarfu, ilimin ginin kalma da yadda take juyawa. Kowa nahawu yake ambato, alhali mai karanta littafi marar wasali sarfu ne yake ɗauke masa fiye da rabin nauyin. Nahawu wasalin ƙarshen kalma yake ba ka. Wasalan farko da tsakiya fa? Baƙaƙe uku, ainun da lamun da mimun, suna iya zama alima, ko ulima, ko allama, ko ilmun, ko alamun. Wanda ya san awo shi ne zai zaɓa. Saboda haka tun watan farko ka ware minti 15 kullum kana juya fi'ili da baki kamar yadda yara suke biya allo: sigogi 14 na mali, 14 na mudari'i, 6 na umarni. Ka fara da lafiyayyun fi'ilai irin kataba da jalasa. In sun zauna, ka koma masu harafin illa, nan ne ake zufa: ƙala, yaƙulu, ƙul, ƙultu, lam yaƙul. Ka tambayi kanka ina wawun ya tafi a ƙul, me ya kore shi. Amsar ita ce ɗauri biyu ba sa haɗuwa, sai mai rauni ya faɗi. Ƙa'ida ɗaya ce, amma tana buɗe ɗaruruwan kalmomi a Alƙur'ani. Ƙaramin littafin nan Matnul Bina'i, mai babi 35, ya isa mafari. Masu nisa su ne suke zuwa Lamiyyatul Af'al ko Hisnur Rasin na Shehu Abdullahi na Gwandu, wanda shi kansa hujja ne a kan tambayarka: a nan ƙasar ya yi karatunsa, ya kuma wallafa a nahawu da sarfu da tafsiri.

Gargaɗi ɗaya game da zaure. Salon fassara kalma-kalma yana da daɗi, har mutum ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya yana jin ya iya Larabci, alhali fassarar malam ya haddace. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe maka shafin da ba a taɓa biya maka ba. Maganinsa kuwa, kafin ka je ɗaukar karatu ka zauna da shafin gobe, ka sa masa wasali da fensir, ka rubuta abin da ka fahimta. A gaban malam sai ka riƙa goge inda ka kuskure. Ka ƙirga kurakuran kowane shafi ka rubuta adadin a gefe. In wata uku suka wuce adadin bai ragu ba, akwai babin da bai zauna ba, ka koma masa.

Kuma kullum ka yi li'irabin aya ɗaya a rubuce. Duba aya ta 28 a Suratu Faɗir, mai cewa malamai ne suke tsoron Allah, inda sunan Allah ya zo da fataha, al'ulama'u kuma da rufu'a a ƙarshe. Wasalin nan ne kaɗai yake nuna wa yake tsoron wa.

Ma'aikaci38 ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, malamai. Abu biyu suka rage mini. Na sayi ƙamus amma sau da yawa ba na samun kalmar da nake nema. Sannan magana fa, da wa zan yi ta a unguwar da kowa Hausa yake ji?

Malama_Islamiyya ta rubuta:

Yaya, ƙamus ɗinka lafiyarsa ƙalau. Irin su Mu'ujamul Wasiɗ a kan saiwar kalma aka jera su, ba a kan harafin da ka gani a farko ba. Istiƙama tana ƙarƙashin ƙaf, wawu, mim. Mizan tana wawu, zayun, nun. Ittaƙu tana wawu, ƙaf, ya. Ka ga maganar sarfu ta sake dawowa. Kafin ka kai can, ƙamus na waya irin Almaany zai karɓi kalmar yadda take ya nuna maka asalinta, sai ka koma na takarda ka tabbatar.

Bahaushe yana da sa'a a Larabci, yana kuma da tarkonsa. Sa'ar ita ce mun saba da kai da ke, shi da ita, ga kalmomin aro birjik. Tarkon farko jinsi ne, domin kai yana ɗauko na Hausa ya ɗora. Ido da hannu da kunne maza ne a wurinmu, amma ainun da yadun da uzunun mata ne. Ƙofa da kujera mata ne, babun da kursiyyun maza. Sai jam'in abin da ba shi da hankali, wanda Larabci yake ɗauka kamar mace ɗaya: hazihi kutubun jadidatun, ba ha'ula'i ba. Wannan kuskuren yana bin ɗalibai har shekara ta biyu. Na biyu, kalmomin da suka sauya ma'ana a bakinmu. Dalili a Larabci hujja ce, abin da muke nufi da dalili shi ne sabab. Sa'a awa ce ko agogo, ba dace ba. Jarrabawa kuma imtihan ce ko ikhtibar.

Na uku furuci, kuma kada ka ce ai ka sauke. Kalmomin alwala da alƙali da larura sun nuna yadda harafin nan na dad ya koma lam a bakin magabata. Haka sa mai ɗigo uku da sin da sad duk suna zama s, zal da zayun da za mai sanda su zama z, ha biyu su haɗe, ainun ta koma hamza. A karatu da ido ba za ka ji ciwon ba, sai ranar da ka zo rubutu ko neman kalma a ƙamus ka rasa da wane harafi take. Maganinsa imla'i: sau biyu a mako wani ya karanta maka layi biyar ka rubuta, ko ka saurari karatun Alƙur'ani na Shehu Husari a surar da ba ka haddace ba, ka rubuta aya uku, ka buɗe Mus'hafi ka gwada.

Game da sauraro, minti uku da ka ji sau biyar sun fi awa guda da ta wuce ta kan kunne. Ɗauki guntun huɗubar Harami ko kanun labaran Aljazeera. Ji na farko kada ka tsayar. Na biyu ka rubuta kalmomin da ka kama. Na uku ka riƙa tsayarwa kana maimaita jimla da murya, da irin saurin mai maganar. Fina-finan Masar da na Sham ka ajiye su, karin harshen gida ne, za su rikita ka yanzu. Haka Larabcin 'yan'uwanmu Shuwa da mutanen Chadi da Sudan da ake ji a kasuwa: Larabci ne na gaske, amma ba shi ne na littafi ba. Masu karatu a cikinsu dai suna iya juyawa zuwa fusha, wato Larabcin littafi, in ka roƙa.

Abokin magana kuwa ba sai Balarabe ba. Nemi mutum biyu ko uku da kuke mataki ɗaya, ku sa minti 30 sau biyu a mako, bayan magariba a masallaci ko ta kiran WhatsApp, da sharaɗin ba Hausa. Kada ku zauna ku ce mu yi hira, shiru za ku yi. Ku yanke batu tun kafin ranar: abin da na yi jiya, hanyar gidanmu zuwa kasuwa, labarin Annabi Yusuf a jimla goma. Don wannan ɓangaren Al'arabiyyatu Baina Yadaik ya fi littafin Madina, domin hirarraki ne na yau da kullum kuma yana da sauti. Ku samu ɗalibin sashen Larabci na jami'a ko kwaleji ya riƙa zama da ku ko sau ɗaya a mako, kuna ɗan ba shi na mota. Ya bari mai magana ya gama, sannan ya faɗi kurakurai uku kacal. In ana tare mutum a kowace kalma, bakinsa mutuwa yake yi.

Ustaz_Lugga ya rubuta:

Malama ta gama magana. Saura tambayarka ta shekara nawa. Da wannan lokacin da ka ware, in ba a yi ta yankewa ba, ƙarshen shekarar farko za ka riƙa gane mafi yawan huɗuba da littattafai masu sauƙi. Littafin fiƙihu marar wasali kana leƙa ƙamus, ka sa ran shekara ta biyu zuwa ta uku. Waƙoƙin jahiliyya da Maƙamatul Hariri wani zango ne daban.

In daga baya kana son takardar shaida, akwai sassan Larabci a Jami'ar Bayero da ta Usmanu Danfodiyo da ta Ahmadu Bello, akwai kuma jarrabawar NBAIS, hukumar karatun Larabci da addinin Musulunci ta ƙasa. Ƙauyen Larabci na Ngala da gwamnatin tarayya ta kafa a Borno don ɗaliban jami'a su zauna cikin harshen ba tare da fita waje ba, rikicin yankin ya sa ya koma aiki a Maiduguri.

Azumi yana zuwa ya rushe wa mutane tsari, daga nan kuma sai a ce bayan salla, sai bayan babbar salla. A watan kada ka ɗauki sabon darasi, amma ka riƙe bitar kalmomi da juya fi'ili minti 20 bayan sahur. A wurin tafsiri kuma ka tafi da ƙaramin littafi, in alaramma ya ja aya ka fassara ta a ranka kafin malam ya buɗe baki, ka rubuta kalmar da ta kuɓuce maka.