Yis mai jure sanyi: me ya sa yauƙin sukarin ya ƙi samuwa?

Ɗalibar_Lab:
Salamu alaikum malamai. Tambayata a kan yis masu jure sanyi ce, irin su Rhodotorula da Mrakia, masu fitar da yauƙin sukari a jikin ƙwayarsu, wanda ake kira EPS. An shuka yis a ruwan YPD (ruwan abincin yis mai garin yis, furotin da sukari) a digiri 10 na kwana 3, ya hayayyafa sosai, amma da aka zuba etanol don yauƙin ya kwanta, abin da ya kwanta bai taka kara ya karya ba. Ina matsalar take? Kuma yauƙin yana da kasuwa kuwa?

Malam_Yis:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, YPD ɗin ce matsalar farko. Naitirojin ya yi yawa a ciki, shi kuwa yis idan ya ƙoshi hayayyafa kawai yake yi. Sai sukari ya yi yawa, naitirojin ya yi ƙaranci, sannan yake juya rarar ta koma yauƙi. A kowace lita ki sa sukuros giram 40 zuwa 50, amoniyam salfet giram 2.5, gishirin KH2PO4 giram 1, gishirin MgSO4 rabin giram. Ki fara da pH, wato ma'aunin tsami, wajen 5.3. Zai faɗo kusa da 2, kada ki tayar da shi, a tsamin nan yauƙin yake fita.

Sai zafi. Jure sanyi daban, son sanyi daban. Masanan Bulgeriya da suka ɗebo Sporobolomyces salmonicolor da Cryptococcus laurentii daga tsibirin Livingston na Antarktika a digiri 22 suka shuka su, suka samu wajen giram 5 zuwa 6 a lita cikin kwana 4 zuwa 5. Amma Mrakia kada ya wuce 15. Kuma mililita 50 kacal a kwalba mai cin 500, don iska ta ratsa.

Injiniya_Fermenta:
Ƙari kan bayanin Malam. A ware ƙwayoyin da injin santirifiyuj mai juyawa da sauri tukuna, idan ruwan ya yi kauri a tsinka shi, in ba haka ba ƙwayoyin ba sa kwanciya. Sannan etanol mai sanyi na kashi 96, ninki biyu na ruwan, ya kwana a digiri 4. A kula, gishiri da furotin ma suna kwanciya tare da shi, ga kuma sukarin mannan da ke cikin garin yis na YPD. Saboda haka sikeli kaɗai yaudara ne. A wanke ta dayalisis, wato tace ƙananan abubuwa irin gishiri ta siririyar fata, a auna sukarin da finol da salfiyurik asid a injin auna haske a nanomita 490.

Hajiya_Formula:
Batun kasuwa, kada a ci buri. Zantan da pullulan, yauƙin sukarin da ake sayarwa a kasuwa, sun fi giram 20 a lita a masana'anta, kuma da araha, don haka gasar kaurara abinci ba ta yauƙin yis ɗin nan ba ce. Inda yake da dama shi ne man shafawa, domin yana riƙe ruwa da mai kada su rabu, da kuma kare ƙwayoyin halitta lokacin daskarewa. A ƙasa mai zafi kuwa sai an lissafa kuɗin wutar sanyaya tankin kafin komai.