Kumbotso, Ina Gonakinmu?

Na-Kumbotso: Salamu alaikum. Jiya na bi ta gonar da mahaifinmu ya bari, na tarar gini ya kai linta. Na kasa barci sai da na rubuta wannan:

Kumbotso garin kakannina,
Gaɓar Challawa ce tushena,
Da gero da dawa a rumbuna,
Yau bulo ne a gonakina.

Birni ya miƙo ƙafarsa,
Dillali na tafe da igiyarsa,
Fuloti-fuloti ya yanka ƙasa,
Har kukar iyaka ya kai ta ƙasa.

Ɗan Kura:
Kukan me kake, ɗan'uwa?
Da hannunku kuka yi sayarwa,
Mu shinkafa muke shukawa,
Ruwan Tiga na ratsa Kadawa,
Tun kafin Tiga muna rinawa,
Rawaninmu har Agadas ake kaiwa.

Hajiya 'Yar Panshekara: Na-Kumbotso, Allah ya ƙara basira, ka sa ni hawaye. Kai kuma:

Ɗan Kura, sassauta fahari,
Mu muka shayar da birni tun fari,
Famfo daga Challawa ya shiga gari,
Zamanin Sarki Abdullahi Bayero, je ka yi nazari.

Tigar taka ta Audu Bako ce, 1974. Ƙanwar bayanmu.

Malam Mai-Aruli: Hajiya, ma'ana ta yi, amma ɗangon ƙarshe ya yi jela, ya karya kari. Na Ɗan Kura ya fi zama daram.

Hajiya 'Yar Panshekara: Malam, kullum kana riƙe da mudu, ba mu taɓa ganin hatsinka ba. Kawo baiti ɗaya mu auna.

Baƙon Mariri: Rabu da shi Hajiya, surukin Kurawa ne. "Shukawa, rinawa, kaiwa", wannan amsa-amo ne ko jerin gwano?

Malam Mai-Aruli: Ku rera shi da baki ku ji. Kunne ba ya son kai.

Na-Kumbotso: Ku gafarce ni, babu wuta tun shekaranjiya, sai yanzu na samu caji. Ɗan Kura, ga amsarka:

Mu tara muka gaji gona ɗaya,
Kowa da iyali da ɗawainiya,
Kogin da muke su da fatsa da ƙugiya,
Dagwalon jima ya kori kifinsa gaba ɗaya.
Birni na tafe ta hanyar Zariya,
Gobe Kura zai yi wa sallama da igiya.