Diraf, daftari ko ɗiba? Neman sunan Hausa ga ɗaukar matasan hokin ƙanƙara

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai kalmomi biyu da suka hana masu rubuta labarin wasannin Amurka da Kanada sakat, wato "draft" da "lottery", kuma ina so mu yanke musu hukunci a wannan zaren. Da hokin ƙanƙara zan yi misali, gasar NHL, ƙwallon gora ke nan da ake yi a kan daskararren ruwa. Mai bin ƙwallon kwando ta NBA zai ga tsarin kusan iri ɗaya ne.

Sai an san abu ake raɗa masa suna, don haka ga yadda yake. Kulob 32 ne a gasar. Kowace shekara wajen ƙarshen watan Yuni sukan zauna su raba matasan 'yan wasan da suka isa shiga, wato waɗanda za su cika shekara 18 zuwa ranar 15 ga Satumba. Zagaye 7 ake yi, kowane kulob ya ɗauki mutum ɗaya a zagaye, gurbi 224 ke nan. Kulob ɗin da ya fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce shi ne a gaban layi, sai dai idan "lottery" ɗin da za mu zo kansa ya sauya tsarin, wanda ya ɗauki kofin gasar, wato kofin Stanley, kuwa shi ne a ƙarshe. Yaron ba shi da ta cewa. Inda aka kira sunansa, can ne kawai zai iya sa hannu a gasar na wasu shekaru. Eric Lindros ya yi tirjiya a 1991, ya ce ba zai buga wa Quebec Nordiques ba, sai da aka yi shekara ana ja kafin a miƙa shi Philadelphia. Har yau ana ba da labarin ne saboda ba kasafai hakan ke faruwa ba.

To, mu fara da wadda za mu jefar ba tare da musu ba: daftari. Manhajojin fassara ne suka jawo mana ita, sai ka ga an rubuta "daftarin NHL na bana". Daftari takarda ce da ba a kammala ba, kamar daftarin kasafin kuɗi kafin majalisa ta amince. Turanci ne ya ɗora wa kalma ɗaya kaya da yawa, mu ba abin da ya haɗa daftari da yaro mai sandar hoki.

Aro fa? Mu ce diraf mu huta? Ba na ƙyamar aro, ai kulob da kofi da fenariti duk aro ne kuma sun zauna daram. Matsalar diraf ita ce gurbinta a cike yake. Ka ce wa mutumin Fagge ko Tudun Wada "yau ake diraf", allon nan mai gidaje baƙi da fari zai gani, da dattawa biyu a kan benci suna buga 'ya'ya da ƙarfi. Ma'aikacin banki kuma takardar kuɗi zai ji.

Zaɓe ma na auna ta. Ma'anar ta yi, amma 'yan siyasa sun riga sun cinye kalmar. "Zaɓen NHL" sai mai karatu ya tambayi wa ya tsaya takara. Zawarci kuwa, wadda masu labarin ƙwallon ƙafa suke ji da ita, akasin abin ce baki ɗaya. A zawarci kulob yana lallashi, ɗan wasa yana ja wa kansa aji, ana tayi ana albarka. A nan ba lallashi, ba ciniki da yaron.

Abin da nake kawowa shi ne ɗiba. Muna cewa ana ɗiban sojoji, ana ɗiban ma'aikata: jama'a ce a tare, hukuma ta zo ta kwashi wasu ta bar wasu, a lokaci sananne. Turancin ma da wannan kalmar tasu suke kiran ɗiban soja na dole. Kuma ɗiba tana lanƙwasuwa yadda ake so: ranar ɗiba, ɗiban bana, zagayen farko na ɗiba, an ɗebe shi a gurbi na 11. Ko ka ce ɗiban bana ko ɗibar bana, wannan tsakaninka da garinku ne, ni dai da na farkon zan tafi.

Wani malami daga Zariya ya rubuto cewa ɗiba ta abu mai yawa ce, ruwa ko hatsi ko taron mutane, ba a ɗiban mutum ɗaya, ɗaukarsa ake yi. Malam, Allah ya ƙara ilimi, maganarka dutse ce, kuma ita ce ma ta raba mana aikin: taron gaba ɗaya shi ne ɗiba, abin da kowane kulob yake yi idan layi ya zo kansa shi ne ɗauka. Tunda daga Zariya kake, ga jimlar gwaji da ɗan garinku: a ɗiban 1994 Buffalo Sabres ta ɗauki Rumun Ndur, haifaffen Zariya da ya tashi a Kanada, a gurbi na 69. Shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL. Ka karanta ta da ƙarfi ka ji ko harshe ya yi tuntuɓe.

Yanzu ga inda rigimar take. Da yawa suna fassara "lottery" da caca, wasu 'yan'uwa na Nijar kuma sun ce tambola. Ban yarda da ko ɗaya ba, kuma ba don kunya ko tsoron malamai ba. Caca sai da zubi: ka sa kuɗinka, ko ka ci na wasu ko a cinye naka. A nan ba kulob ɗin da yake zuba ko sisi, ba tikitin da ake saya. Layi kawai ake tsarawa tsakanin masu haƙƙi. Wannan kuwa Hausa tana da sunansa tun kafin akwatin zaɓe ya iso ƙasar nan: ƙuri'a. Ita aka yi a jirgin Annabi Yunusa ta faɗa kansa, ita aka yi da alƙaluma a kan wa zai riƙi Nana Maryamu, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Masu adashi ma sun san ta: idan aka rasa wa zai fara kwasa, sai uwar adashi ta nannaɗe takardu kowa ya ɗauki ɗaya. Don haka ƙuri'ar ɗiba.

Wata Hajiya ta ce ai ƙuri'a ma siyasa ta cinye ta kamar yadda na ce ta cinye zaɓe. Hajiya, aikatau ne zai raba gardamar. Ta siyasa kaɗa ta ake yi, a ƙirga. Wannan buga ta ake yi, ta faɗa kan wani. "Ƙuri'a ta faɗa kan Chicago" ba wanda zai ji ya nemi baturen zaɓe.

Ga yadda ake buga ta, don a ga sunan ya dace da aikin. Kulob 16 da ba su kai zagayen neman kofi ba su ne a ciki. Ana zuba ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba 1 zuwa 14 a cikin na'ura mai hura iska, a fitar da huɗu ɗaya bayan ɗaya. Lambobi huɗu daga cikin 14 suna iya haɗuwa ta hanya 1,001. An ware haɗi ɗaya, wato 11, 12, 13, 14, idan shi ya fito sai a sake bugawa. Sauran 1,000 aka raba wa kulob-kulob tun kafin ranar. Na ƙarshen tebur yana da 185, mai bi masa 135, na uku 115, haka abin yake raguwa har zuwa biyun da suka fi kusa da tsallakewa, masu haɗi 5 kowanne. Sau biyu ake bugawa tun daga 2021, ɗaya don gurbin farko, ɗaya don na biyu.

Wannan ya kawo mu ga "odds". Na ga masu cewa dama, na ga masu cewa rabo. Rabo kalma ce mai daɗi, amma a bakin Bahaushe rabo abin da Allah ya rubuta ne, sai bayan ya zo hannu ake sanin naka ne. Abin da muke nufi kuwa lamba ce da kowa ya sani tun da safe. Kaso ya fi: kason San Jose, ta ƙarshen tebur, a ƙuri'ar 2025 kashi 18.5 ne cikin 100. Dama kuma mu ajiye ta, tana da aikinta dabam, kuma a nan ne masu rubutu suke rikicewa har ka ga wani ya ce 18.5 wani ya ce 25.5, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne ya yi kuskure. Tun daga 2022 doka ta ce ko ƙuri'a ta faɗa kanka, ba za ka haura fiye da gurbi 10 ba. Ke nan kulob 11 na ƙasa ne kawai za su iya kaiwa gurbin farko. Idan ta faɗa kan ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka rage, ya haura goma ya tsaya, gurbin farko ya zauna hannun na ƙarshen tebur. Kason waɗannan biyar a haɗe kashi 7 ne. Sai ka ce kasonsa 18.5, damarsa ta fara ɗauka 25.5. Kalma biyu, lamba biyu, ba rikici.

Ku kuma lura, ko da 25.5 ɗin, a cikin huɗu kusan uku ba nasa ba ne. A 2023 Anaheim ce ta ƙarshe, amma ƙuri'a ta faɗa kan Chicago mai kaso 11.5, ta ɗauke Connor Bedard. A 2024 San Jose ta ci abinta ta ɗauki Macklin Celebrini. A 2025 San Jose ta sake zama ta ƙarshe, sai New York Islanders mai kaso 3.5 kacal ta tsallako daga gurbi na 10 zuwa na 1, Utah kuma ta ci bugu na biyu ta tashi daga 14 zuwa 4, iyakar goman da doka ta ba ta. Abin da yake kare na ƙarshen tebur kawai shi ne ba zai gangara ƙasa da gurbi na 3 ba.

Wani ɗan'uwa ya tambaya me ya sa ba za a bar na ƙarshe ya fara ɗauka kai tsaye ba, a huta da na'ura. Saboda faɗuwar gangan, ɗan'uwa. Idan ka san shan kashi zai ba ka yaron da zai riƙe kulob shekara goma sha biyar, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. An zargi Ottawa da haka a 1993 lokacin da kowa yake rububin Alexandre Daigle, kuma a 1995 aka fara ƙuri'ar. Daga baya Edmonton ta sami gurbin farko a 2010, 2011, 2012 da 2015, ta ƙarshen ita ce ta ba ta Connor McDavid, sauran kulob suka yi ta guna-guni. Yanzu doka ta hana kulob haurawa ta hanyar ƙuri'a fiye da sau biyu a cikin shekara biyar. Faɗuwar gangan ita ce tawa ga "tanking", kuma ban ji wanda ya kawo wadda ta fi ta ba.

Saura "prospect", kuma a nan ba zan yarda da kalma ɗaya ba, domin mutum biyu ne suke amsa sunan. Akwai yaron da ba a ɗauka ba tukuna, ana ta auna shi: ɗan ɗiba. Akwai wanda aka riga aka ɗauka amma bai fara buga wa babban kulob ba, ya koma gasar matasa ta Kanada ko jami'a a Amurka ko kulob ɗinsa na Suwidin ko Finlan, haƙƙinsa yana hannun waɗanda suka ɗauke shi: ɗan reno. "Mai tasowa" da aka saba ba laifi, sai dai ta yi faɗi, ɗan shekara 22 da ya riga ya ci ƙwallo 30 a NHL ma mai tasowa ne. "Tauraron gobe" kuwa alkawari ne da ba mai iya cikawa. Daigle ɗin da aka yi ta rigima a kansa bai zama abin da aka zata ba, Chris Pronger da aka ɗauka a bayansa shi ya zama gwarzon gasar a 2000. Pavel Datsyuk sai a gurbi na 171 Detroit ta ɗauke shi a 1998, mai tsaron raga Henrik Lundqvist kuma sai a na 205 wani kulob ya ɗauke shi a 2000, kowane kulob ya tsallake su sau da yawa.

Auna ɗan ɗiba ba ƙirga ƙwallaye ba ne kawai, shi ya sa nake so sunan ya zama mara yabo. Dubi 2025. Michael Misa ya ci 62 a gasar matasa ta Ontario a kakar. Matthew Schaefer, ɗan baya, wasa 17 kawai ya buga a wannan gasar, rashin lafiya ta kwantar da shi a farko, sannan ya karye a ƙashin wuya yana buga wa Kanada. Duk da haka shi Islanders ta ɗauka, Misa ya tafi San Jose a gurbi na 2. Abin da aka gani a Schaefer shi ne gudu a kan ƙanƙara, da yadda yake karanta wasa kafin faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo ya iso sandarsa, da kuma cewa ɗan baya irinsa ya fi maciyin ƙwallo wuyar samu. Ana duba da su wa yaro yake karawa, ko da sa'anninsa ko da manya kamar yadda ake yi a Turai, ana duba watan haihuwarsa ma, domin tazarar wata goma tsakanin 'yan shekara 17 ba ƙaramin abu ba ce.

Masu wannan aiki, da suke kwana a hanya tsakanin ƙananan filaye cikin hunturu, wani ya ce mu kira su 'yan duba. Na yi dariya, don aikin nasu da na mai zana ƙasa ba su da nisa sosai, amma kada mu jawo musu. Masu farautar 'yan wasa ya riga ya shiga bakin masu labarin ƙwallo, a bar shi. Gasar ma tana da ofishinta na farauta tun 1975, mai fitar da jeri huɗu: masu tsaron raga da sauran 'yan wasa, na Arewacin Amurka dabam, na ƙetare dabam.

Yaya daga Maraɗi mai tambaya ko kulob zai iya ba wa wani gurbinsa na ɗauka, e, ana cinikin gurbi, har na shekarar da ba ta zo ba. Kulob yakan ba da gurbinsa na zagayen farko ya karɓi gogaggen ɗan wasa, wani lokaci da sharaɗin cewa idan gurbin ya faɗo cikin goman farko zai riƙe abinsa ya biya da na baɗi. Gurbi mai sharaɗi na sa masa. Idan a wajenku akwai abin da 'yan kasuwa suke kiran irin wannan ciniki, kawo shi mu auna.