Neman shawara: IFTA ta ƙarato, rasit ɗin dizal sun ɓace

Sabon Mai Mota: Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobi. Na daɗe ina tuƙa wa wani kamfani a Columbus ta jihar Ohio a Amurka, sai bana surukina ya ba ni kuɗin adashinsa, na cika da bashin banki na sayi motar tirela Freightliner ta hannu. Uwargida ba ta so ba, ta ce gara albashi, har yau maganar ba ta mutu ba a gidan, shi ya sa ba na son ta ji wannan. Yawanci tsakanin Ohio da Pennsylvania nake, jefi-jefi Kentucky. Ga 31 ga Oktoba, ranar ƙarshe ta tura fom ɗin IFTA (lissafin harajin mai tsakanin jihohi da ake yi duk wata uku), ta ƙarato, rasit ɗin dizal na Agusta na neme su sama da ƙasa babu. Na cike fom da sauran, ya nuna ana bi na kuɗi masu yawa, alhali a famfo na biya haraji. Sau biyu ake biya ne?

Alhaji Mai Tirela: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sau ɗaya ne. Jimillar mil ɗinka ake rabawa da jimillar galan, a ga mil nawa galan ɗaya ke kai ka, sannan kowace jiha ta karɓi harajin man da ka ƙona a kan titinta. Ka sha mai a Ohio ka ƙone shi a Pennsylvania, inda harajin dizal ya fi tsada, dole ka cika ratar. Kentucky kuma tana da ƙarin da ba a karɓa a famfo. Galan da ba shi da rasit, kamar ba ka biya harajinsa ba ne. Tukuna, lasisin IFTA ɗin da sunanka yake ko da sunan kamfanin da ka jingina motar?

Ɗan Zango: Ni dai kamfanin da na jingina da su duk wata uku sai sun zaftare min kuɗi da sunan IFTA, ko takardar lissafi ba su taɓa nuna min ba. Allah ya isa. Kai Malam, ƙiyasta na Agusta ka tura kawai, wa zai duba?

Alhaji Mai Tirela: Kul! Shekara 4 ake ajiye takardun nan. In masu bincike suka ga ba su cika ba, suna iya yanke maka mil 4 a galan, ka ga ta kanka. Ka ɗauko bayanin katin mai, ya wadatar.

Sabon Mai Mota: Alhaji, da tsabar kuɗi nake sha, ya fi sauƙi a galan. Ba sakaci ba ne, mai biyan banki duk wata dole ya lissafa. Mil kuwa suna cikin ELD, na'urar da ke rubuta tafiyar motar.

Baban Yara: Ka sauke su yau, wasu kamfanonin ELD ba sa ajiyewa fiye da wata 6. Ni shawarata ka jinkirta har ka samo kwafin rasit ɗin a gidajen man. Tarar latti dala 50 ce.

Alhaji Mai Tirela: Dala 50 ko kashi 10 cikin 100 na harajin, wanda ya fi yawa, ga kuɗin ruwa a kai. Ya tura a kan lokaci, in rasit sun fito ya gyara. Kuma da KYU, lasisin harajin nauyi da mil na jihar, kake shiga Kentucky?

Sabon Mai Mota: Akanta ya nemi kuɗin da ba ni da su, shi ya sa nake yi da kaina. KYU ɗin ba a cikin IFTA yake ba?

Ɗan Zango: Ku bar batun akanta, ni ma wani ya cinye min kuɗi bara.