Masu injin wanke kwanuka a Kaduna, wane sabulu ne ke fitar muku da tuwo da manja?

Uwargida, Malali

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so waɗanda ke da injin wanke kwanuka a gida su faɗa mana abin da idonsu ya gani game da sabulunsa. Ba abin da aka rubuta a jikin kwali nake nema ba, don waɗanda suka haɗa sabulan nan da irin abincinsu suka gwada su, ba da tuwon shinkafa da miyar kuka ba.

Iri uku ne suka biyo ta hannuna: na gari, na ruwa mai kauri, da ƙwayar nan da ake jefa guda ɗaya. A wurina ƙwayar Finish ce ta fi fitar da kofunan shayi, har jan zoben nan da ke zama cikin kofi tana tafiya da shi. Wani na ruwa da na saya kuwa faranti na fita tas, amma kofin shayi yadda na saka shi haka nake ɗauko shi. Inda duka ukun ke ba ni wahala shi ne kwanon da tuwo ya bushe a ciki, sai robobin da aka zuba miyar manja. Don Allah kowa ya faɗi nasa, har da irin ruwan da yake amfani da shi, don ina zargin ruwan ma da hannunsa a ciki.

Amarya, Kinkinau

Wa alaikumus salam Anti. Kin riga ni tambaya. Nawa injin cikin kayan ɗaki ya zo, kuma damuwata kofunan gilashi ne. Suna fitowa da wani fari-fari kamar an barbaɗa musu alli, sai na sake bin su da tsumma kafin in iya ba baƙo ruwa a ciki. Ruwan rijiyar burtsatse ne da mu, ƙwaya nake sakawa, ban taɓa zuba wani abu ban da ita ba.

Malamar kimiyya, Unguwar Rimi

Hajiya ta Malali, abin da kika gani da kofin shayi ba laifin injinki ba ne, haɗin sabulun ne. Sabulun inji da abubuwa uku yake aiki. Akwai sinadarin da ke narkar da maiƙo, dangin soda. Akwai enzayim, waɗanda ke cinye ragowar abinci: ɗaya na sitaci ne, wato tuwo, shinkafa, taliya, kunu, ɗayan na furotin, wato ƙwai, nama, madara. Sai bilic mai sakin iskar oksijin, shi ne ke fitar da tabon shayi da kofi. A cikin gari ko busasshiyar ƙwaya, bilic da enzayim suna zaune tare lafiya tunda babu danshi. A cikin na ruwa kuwa bilic zai kashe enzayim tun suna cikin gora, shi ya sa akasarin na ruwa ɗaya daga ciki suke ɗauke da shi. Wanda kika saya da alama mai enzayim ne babu bilic, don haka ya ci maiƙo da shinkafa ya bar miki shayi.

Batun tuwo, lokaci yake so. Enzayim ba ya aiki cikin gaggawa. Ni in akwai kwanukan tuwo ko na kunun gyaɗa a ciki, ba na taɓa danna gajeren wanki. Dogon nan da ake cewa Eco, mai zafin digiri 50, yana ɗaukar wajen awa uku, mutane na ganin ɓata wuta ne, alhali shi ya fi ƙarancin cin wuta da ruwa, don jiƙawa yake yi maimakon tafasa ruwa. Kuma a gajeren wanki sau da yawa ƙwayar ba ta gama narkewa ba ruwan ya zube.

A gidana na gari nake so, saboda ni ke auna shi. Ranar da kofuna da faranti ne kawai, kaɗan ya isa. Ranar da aka yi baƙi aka ci miyar taushe da nama, in cika ramin sabulun, sannan in barbaɗa kamar ƙaramin cokali a jikin ƙofar daga ciki, don ruwan farko da injin ke watsawa kafin ramin ya buɗe ya samu abin da zai kama maiƙo da shi. Wannan ɗan barbaɗin ya fi canza mini sakamakon wanki fiye da duk canjin sabulun da na taɓa yi.

Mai gyaran injina, Kakuri

Salamu alaikum iyayena. Ni ba mai wanke-wanke ba ne, amma ni ake kira in injin ya ƙi. Mafi yawan gidajen da ake ce mini sabulu ba ya fita, in na zare matacin da ke ƙasan injin sai in tarar ya toshe da ƙwayar shinkafa, ƙayar kifi, 'ya'yan tattasai, wani lokaci har tsinken sakace. Fikafikan nan masu juyawa suna fesa ruwa su ma ƙananan ramukansu na toshewa, musamman gidan da tankinsu ke tara yashi. Ko sabulun da ya fi kowane tsada kika zuba, ruwan dattin nan ne zai yi ta komawa kan kwanukan. A cire mataci a wanke a ƙarƙashin famfo duk mako, a tsokane ramukan fikafikan da tsinke.

Abu na biyu, ina roƙonku da girman Allah, kada a zuba sabulun wanke-wanke na hannu ko omon wanki a cikin injin. Su an yi su ne don su yi kumfa, na injin kuma an yi shi don kada ya yi. An taɓa kira na wani gida a Barnawa, sabulun inji ya ƙare yarinya ta tsiyaya na hannu. Na tarar kumfa ta fito ta ƙasan ƙofa ta malale kicin har bakin falo, injin ya tsaya yana ƙara, ruwa ya taru a farantin da ke ƙasansa sai da na kwantar da shi na tsiyaye.

Masu sola kuma ku lura, in injin na dafa ruwa yana jan wajen wat 2,000. Ku duba ƙarfin inbatarku kafin ku kunna, kuma ku yi wankin da tsakar rana.

'Yar Unguwar Dosa, mazauniyar Ingila a da

Amarya, matsalarki na san ta, don inda na zauna ruwansu mai nauyi ne sosai. Wannan farin, ƙasar da ke narke cikin ruwan ce take bushewa a jikin gilashi. Buɗe injinki ki zaro kwandon ƙasa, za ki ga wani murfi mai zagaye a ƙasan. Ramin gishiri ne. Gishirin ba ya taɓa kwanukan, aikinsa ya farfaɗo da abin da ke tausasa ruwa a cikin injin. Na inji ake zubawa, mai manyan ƙwayoyi, ba na miya ba, don na miya ya yi laushi kuma akwai abin hana dunƙulewa da ake haɗa masa. A jikin ƙofa kusa da ramin sabulu kuma akwai ɗan ƙaramin rami na ruwan ɗauraya, shi ke sa ruwa ya zame daga jikin kofi kada ya bushe ɗigo-ɗigo.

Sabulan zamanin baya sun fi iya ruwa mai nauyi saboda wani sinadari da ake kira fosfet da ke cikinsu. Tarayyar Turai ta taƙaita shi a sabulun injin kwanuka daga Janairun 2017, don in ya kwarara cikin koguna yana haddasa gansakuka ta shaƙe kifi. In sabulun da kike saya, Finish ne ko Fairy ko Somat, daga Turai aka shigo da shi, gishiri da ruwan ɗauraya sun zama dole ga mai irin ruwanki.

Ki gwada ki gani: goga lemon tsami a kofi ɗaya. In farin ya tafi, ruwa ne. In bai tafi ba, gilashin ne ya ci, wannan kuwa yawan sabulu da yawan zafi ke kawo shi, kuma ba ya gyaruwa.

Mai girkin biki, Tudun Wada

Ku yi haƙuri in shigo muku, ni injina hannuwan yarana ne. In muka yi girkin suna ko biki, kuloli da manyan tukwane da faranti ne tuli guda, babu injin gida da zai ɗauke su. Amma tunda maganar fitar maiƙo ake, ina da abin faɗa.

Morning Fresh na fi yarda da shi, ɗan kaɗan a baho ya daɗe yana aiki. Mama Lemon kuma ina son shi ranar kifi, don yana kashe ƙarni. Sai dai ko wanne kika ɗauka, in ruwan sanyi ne a hunturu, manja da man shanu da kitsen rago daskarewa suke, soso ya yi ta shafa su daga wannan faranti zuwa wancan. Mu kafin a sauke tukunyar ƙarshe an riga an ɗora ruwan zafi a kan ragowar garwashi. Kuma a fara kwashe maiƙon da takarda ko dusa kafin kwano ya shiga ruwa.

Hajiya, robar manja ba sabulu ke fitar da ita ba. Jan nan launin man ne ya shige cikin robar. A wanke, a shanya ta a rana tsaka da bakinta a sama, zuwa la'asar za ki ga ya dusashe. Haka muke yi wa murafen kuloli.

Mai haɗa sabulun ruwa, Rigasa

Ni sana'ata ce, kuma ina jin ciwon yadda wasu ke ɓata mana suna. Sabulun da aka haɗa da kyau, aka jiƙa kostik soda ya kwana, aka auna shi daidai da sinadarin salfonik, yana fitar da maiƙo sosai. Amma wasu sai su cika ruwa da abin kauri da turare, ki ga kumfa har sama amma faranti na santsi, ko su zabga kostik ya riƙa cin hannu yana tsattsaga fata. Ki shafa ɗigo a bayan hannunki kafin ki saya, in ya yi zafi ki ajiye. Namu ma na hannu ne, kada a sa a inji.

Hajiya Babba, Unguwar Sarki

'Ya'yana Allah ya yi muku albarka. Jikata ce ke rubuta mini. Ɗana ya sa mini injin nan saboda ciwon baya, kuma na gode Allah, tangaran da silba da cokula suna fita fes. Abin da ya ɓata mini rai tukunyata ce ta alminiyam, ƙirar hannu, wadda nake tuƙa tuwo a ciki tun yaran nan suna ƙanana. An saka ta sau ɗaya ta fito ta yi duhu, in ka shafa sai baƙi ya biyo yatsa. Tun daga ranar tukwane da muciya da ludayin duma da akushi ba sa shiga. Gindin tukunya dai har yau toka da soson ƙarfe, ƙanzo kuma a zuba masa ruwa tun tukunyar na da ɗumi.

Malamar kimiyya, Unguwar Rimi

Mama, ranki ya daɗe, gaskiya kika yi. Kowane irin sabulun inji haka yake yi wa alminiyam saboda ƙarfin sodarsa, katako da duma kuma zafi ke tsaga su. A tafasa ruwa da lemon tsami ko tsamiya a cikin tukunyar sannan a goge, duhun zai ragu sosai.

Uwargida, Malali

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na zare matacin kamar yadda Malam ya ce, abin da na gani ba ya faɗuwa. Daren jiya na saka kwanukan tuwon masara a dogon wanki da na gari, na barbaɗa kaɗan a ƙofa, da safe ko ɗigon tuwo babu sai a kwano ɗaya da wani ya rufe shi. Robobin suna kan katanga a rana yanzu haka.

Wani abu da nake so masu ƙwaya su sani: da damina nawa sun manne da juna a cikin leda, fatar da ke jikinsu ta fara narkewa. Na mayar da su cikin gwangwani mai murfi na ɗora can saman kabad, don launinsu irin na alewa ne kuma autana ya fara hawa kujera.

Amarya, Kinkinau

Na goga lemon, farin ya tafi nan take. Na ga ramin gishirin ma, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba. Anti ta Unguwar Dosa, a ina kike samun gishirin a nan Kaduna? Na zaga Kasuwar Gumi wajen masu kayan kicin ban dace ba, kuma ban san ko sai na fara cika ramin da ruwa kafin in zuba ba.