Wutar check engine ta ƙi mutuwa a Corolla 2006: lambar P0171

Assalamu alaikum iyayen gida, makanikai da masu aikin wayarin mota. Don Allah ina neman shawararku a kan wata Corolla 2006 mai injin 1ZZ-FE, tana aiki tsakanin Agege da Idi-Araba a Legas.

Wutar check engine, wato fitilar gargaɗin matsalar inji, tana tsaye ne, ba ta ƙyaftawa. Sikana ta OBD2 (na'urar karanta matsalar mota) ta ba da lambar P0171, wato iska ta rinjayi mai a cikin injin. Ko an goge lambar, bayan kwana 2 sai ta dawo.

An sa sabon gasket na manifol ɗin da ke kai iska cikin injin, tunda shi ne ya fi yoyon iska a wannan injin. An duba tiyon iska da bawul ɗin PCV (mai maida hayaƙin cikin inji zuwa manifol), babu tsaga. An wanke sensar MAF (mai auna iskar da ke shiga injin) da feshinta na musamman, fulogi 4 ma sababbi ne.

Ga inda na tsaya. A sulo, LTFT (ƙarin man da kwamfutar mota ke yi don daidaita mai da iska) yana nuna +6%, amma da an taka totur zuwa 2500 rpm sai ya haura +22%. Da yoyon iska ne, da a sulo zai fi yawa, ya sauka in an taka. Shi ya sa nake zargin famfon mai. To amma gejin matsin mai ya nuna 45 psi, kuma ƙa'idarsa 44 zuwa 50 ce, sai dai a tsaye aka auna, ba a kan hanya ba.

Shin famfo zai iya riƙe matsi a tsaye ya gaza in mota ta ɗau lodi? Ko nozul masu fesa mai ne suka toshe? Ko MAF ɗin ce ke rage lissafin iska? Wanne zan fara gwadawa kafin a shiga kasuwar Ladipo sayen kayan mota? Allah Ya saka da alheri.